Askar Yero, Kan Gimba

Duk Asata babu wanda ya riga ni ganin hannun Yero wanzami ya fara rawa. Na gani tun shi mai hannun bai yarda ba. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce shi ban gaishe shi ba, amma na tsufa ina wasa wa mahautan garin nan wuƙa, kuma wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallon kaifi ba a ɓoye masa hannu. Na yi gudun yaƙi na dawo da ƙafata, na binne waɗanda suka fi ni ƙiba da waɗanda suka fi ni karatu. To ku gyara zama ku ji yadda ta kasance da Gimba.

Gimba da Yero su ne wanzamai biyu da suka rage a unguwar Hausawa ta Asata, cikin Inugu. Taubasai ne, uwar Yero ƙanwar uban Gimba ce, kuma ƙauye guda ya haife su, Rafin Dinya, can ƙasar Kano. Suna samari suka zo a bayan motar shanu, kowa da zabirarsa a rataye, lokacin da gari ya lafa bayan yaƙi mutanenmu suka fara dawowa. Suka kafa rumfar kwano a jikin katangar masallaci, tabarma biyu, ƙoƙon ruwa biyu. A wancan zamani in ka makara ranar Juma'a sai dai ka je masallaci da gashinka. Mahauta, 'yan goro, fataken albasa, har Inyamurai masu ciwon baya suna zuwa a kafa musu ƙaho.

Yanzu kuwa samari sun koma shagon kilifa, inda ake aski ana kiɗa ga madubi bango guda. Mai ciwon baya ya tafi kemis. Abin da ya rage wa rumfar shi ne kawunan 'yan tsofaffi, sai kuma askin jariri ranar suna, wanda har yau babu uwar da ke yarda kilifa ta taɓa.

Abu biyu ne suka gada daga iyayensu ba su taɓa saɓawa ba. Na farko, gidajen unguwa a rabe suke, wannan na Gimba, wancan na Yero, kuma wanzami ba ya shiga gidan ɗan'uwansa da aska ko da sama za ta faɗo. Na biyu, wanzami ba ya aske kansa, ba ya kuma miƙa shi ga wanda ba ɗan gado ba. Saboda haka kowace Juma'a da hantsi Gimba zai aske Yero, sannan ya cire hula ya zauna Yero ya aske shi. A nan ake jin bakin taubasai.

"Sunkuyo, bawana," in ji Gimba. "Ɗan mace ai bawa ne, ko a gaban alƙali."

"Wa ya ga bawa da kai irin nawa? Dubi naka, kamar tulun da aka fasa aka ɗinke. Ka yi sauri, ubangidanka na da wurin zuwa."

Tun suna yara suke wannan musu, kowa na cewa shi ne ubangida. Unguwa duk ta san shi, har yaran da Hausarsu ta cakuɗe da Turancin buroka suna kwaikwayonsu. Ba a taɓa jin ɗayansu ya sassauta ba ko da wasa.

Gimba a fatar kansa ya fara jin abin. Askar Yero da can tafiya take kamar ruwa a kan dutse, sai ga shi tana tsayawa tana ɗan tsalle, tana cizo. Ya koma ɗaki ya shafa, ya ga jini a yatsa. Ya sa toka, ya danna hula har gira. Mako na zagayowa ya sake zama. Tsofaffin da ke zuwa tabarmar Yero suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce likita ya hana shi aska, wancan ya ce jikansa ya sayo kilifa yana so ya koya a kansa. Babu wanda ya faɗa wa Yero gaskiya. A ƙarshe kai ɗaya ya rage a ƙarƙashin askarsa duk duniya, kan Gimba.

Ana cikin haka Barira ta kira. Ita ce ƙanwar Gimba, ita kaɗai ta rage masa a Rafin Dinya. Gimba bai ajiye kowa a Inugu ba, matarsa ta rasu tuntuni, 'yarsa guda tana aure a Fatakwal. Ɗakinsa na haya a bayan wani bene yake, taga ɗaya, ita ma bango take kallo, damina in ta sauka ruwan kwata har bakin katifa. In ya kwanta a ciki da rana yana jin janareton maƙwabta, kasuwar ƙauyensu yake bi a ransa rumfa rumfa. Kantin Bappa da ƙamshin kananzir da sabulun salo, inda ake sayar da sukari ƙwaya ƙwaya, ashana tsinke tsinke. Maƙerin gindin tsamiya da yaransa masu zuga. Dukawa sun baje jar fata a rana. Marina da hannayensu shuɗɗa har gwiwa. Mai gyaran fitila da bai taɓa kunna tasa ba. Daga can ƙarshe, kusa da mahauta, rumfar ubansa, da kututturen da ake zama a kai.

Barira ta ce masa ya daina wannan lissafi. Kantin Bappa yanzu cajin waya ake yi a ciki. An cike ramukan rini an yi shaguna, maƙerin ya mutu 'ya'yansa suna walda a birni. Rumfar babansu kaɗai ke tsaye. Sarkin Askan garin ya rasu bai bar magaji ba, dagaci ya ce a faɗa wa Gimba ya zo ya karɓi rawani da rumfa. In kuwa Babbar Salla ta wuce bai zo ba, akwai mai son wurin ya kafa injin niƙa.

"Yaya," ta ce, "ka dawo a binne ka kusa da Baba. Me ka ajiye a can?"

Gimba ya buɗe baki zai ce babu komai, sai ya ji fatar kansa tana masa zafi a ƙarƙashin hula.

Da ya faɗa wa Yero, Yero dariya ya yi, ya ce dama bawa ba ya rasa ranar gudu. Shi kam ba inda za shi. Matarsa Delu a Asata aka haife ta, ga ta kwance ɓarin jiki ya shanye, 'ya'yansu kuma ko hanyar Kano ba su sani ba, ɗaya na tuƙa keke mai ƙafa uku ɗaya na sayar da takalma a kasuwar Ogbete. Gimba ya tambaye shi wa zai riƙa aske shi. Yero ya ce zai bar gashi ya yi tsawo ya shiga waƙa, ko Allah zai sa ya yi kuɗi da tsufansa. Suka yi dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba.

Gimba ya shirya da Haidar, direban da ke kawo shanu kasuwar Gariki ya koma arewa da manja. Haidar ya ce ranar Asabar da hantsi zai tashi, kuma ba ya jira, domin in rana ta yi masa a hanya shingaye sun cinye shi. Gimba ya ɗaure akwatinsa da katifarsa da buta da 'yan tukwanen marigayiya, aka kai su mota tun kafin ranar. Ya bar zabira kawai da rigar jikinsa. Ya bi gidajensa yana sallama. Rabon da a ga yana tafiya da sauri haka har an manta.

Sai matar Sagiru mahauci ta haihu, namiji, suna kuma ya faɗo ranar Asabar ɗin nan.

Gidan Sagiru na Yero ne. Yero ne ya aske Sagiru kansa ranar sunansa. Da aka kawo goron sanarwa rumfa, Yero ya miƙe kamar an cire masa shekara ashirin. Ya zaro 'yar ƙaramar askar jarirai daga zabira, ya zauna yana wasa ta a dutse yana gyara ta a fata, yana ba da labarin kawunan da ta bi. Gimba na gefe yana kallon yadda bakin askar ke ƙwanƙwasar dutsen, ƙas, ƙas, inda da can shiru take wucewa.

Ya juya abin ta kowace fuska bai ga ƙofa ba. In ya je ya faɗa wa Sagiru, kafin la'asar duk mahauta sun ji, kafin magariba an ji a Gariki, Yero ya zama tsohon da aka ƙwace wa aska, kuma taubashinsa ne ya ƙwace ta a kan hanyarsa ta barin gari. In ya yi shiru ya hau mota, ya san abin da ya bari a baya. Kan babba yana ɗaukar yanka, a sa toka a danna hula. Kan ɗan kwana bakwai fatar albasa ce.

Ranar Juma'a ya aske Yero a hankali, ya daɗe yana yi, kamar mai shafe ɗakin da zai bari. Sannan ya cire hula ya zauna. Askar ta bi ƙeya lafiya, ta hau tsakiya da 'yar gargada, da ta zo bayan kunne sai ta nutse. Jini ya gangaro har wuyan riga.

"Kai tsoho, ka daina motsi mana," in ji Yero. Muryarsa ba ta wasa ba ce.

"Ni na motsa," in ji Gimba. "Ƙuda ne."

Babu ƙuda a rumfar. Yero ya danna tsumma a wurin, Gimba yana jin yatsun suna kaɗawa a jikin ƙashin kansa. Can ya ce, da murya ƙasa ƙasa, ko Yero zai bar masa askin gobe ya yi na bankwana, ya tafi da albarkar jariri a hannu. Yero ya ɗauke tsumman, ya wanke aska, ya goge ta, ya mayar zabira. Sai da ya rataya zabirar ya ce, "Gidana ne, Gimba." Rabon da ya kira shi da sunansa tun rasuwar matar Gimba.

Asabar bayan sallar asuba aka taru a ƙofar gidan Sagiru. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro Aslam, aka raba goro da dabino, aka kayar da rago. Gimba ya ce wa kansa sallama kawai ya zo yi, daga nan keke zai hau zuwa Gariki. Ya yi sallamar. Ya yi ta sau biyu ma. Ƙafarsa dai ta bi Yero zuwa tsakar gida.

Tsakar gidan ƙunci gare ta, ɗakunan haya sun kewaye ta, igiyoyin shanya sun rufe sama. Mata sun cika ƙofofi, har da matar mai gidan, Inyamura, da ta aiko da tiren okpa, irin alalensu na gurjiya, ta tsaya kallo. Kakar jaririn ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta kwantar da shi a cinya. Yero ya durƙusa, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya shafa sabulu. Gashin ya kwanta, maɗigar yaron ta fito fili tana bugawa a hankali.

Waya ta fara ruri a aljihun Gimba. Ya san Haidar ne.

Yero ya buɗe aska ya ɗaga. Rana ta ɗan leƙo ta tsakanin zannuwan shanya ta sauka a kan ƙarfen, hasken ya riƙa rawa a jikin bango. Mata ba su lura ba, hira suke. Yero kansa ya tsaya, yana kallon hannunsa kamar na wani, amma ido ya yi masa yawa, ba shi da hanyar fasawa. Ya fara sunkuyawa.

Gimba ya tuɓe takalmi ya zube a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, a dakata."

Mata suka bar hira suka juyo.

"Jama'a ku shaida," in ji Gimba, ya ɗaga murya yadda na ƙofa za su ji. "Tun muna yara nake musu da mutumin nan. Yau na tuba. Shi ne ubangida, ni ne bawa. To ku gaya mini, a wane gari aka taɓa ganin ubangida yana aiki bawansa na tsaye yana kallo?"

Dariya ta ɓarke. Kakar jaririn ta ce yau ga abin da ba ta zaci za ta gani da ranta ba. Wata ta rangaɗa guɗa. Sagiru ya leƙo da jinin rago a hannu yana tambayar abin da ya faru, aka ce masa Gimba ya sallama, ya koma waje da gudu ya kai labari.

Yero bai yi dariya ba. Ya dubi Gimba, Gimba ya dube shi. Duk abin da ba su faɗa wa juna ba a rumfa ya wuce tsakaninsu a wannan kallo. Bawa in ya yi aiki a gidan ubangidansa ba a ce ya shiga gidan wani ba, aikin na ubangida ne, kason naman ma nasa ne. Yero ya san haka. Ya kuma san wayar da ke kuka a aljihun Gimba kiran wane ne.

Ya juya askar, ya miƙa ta ta ƙota.

"Sai yau ka san matsayinka," ya ce. "Karɓi. Ka yi a hankali, kada ka kunyata ni a gidana."

Aka kawo masa kujera ya hau, ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihun riga, yana ba da umarni. A bi ta nan, a kula da kunne, bawan zamani sai an tsaya a kansa. Gimba na cewa to, ranka ya daɗe. Askar ta bi kan Aslam ba ko ƙwarzane, yaron bai ma farka ba. Wayar ta yi ta kuka ta gaji, ta sake, ta yi shiru.

Gimba ya tattara gashin a ƙoƙo ya miƙa wa kaka. A ransa yana cewa ai mota ba ta ƙare ba, akwai ta Talata, akwai ta wani makon, Salla da saura. Sai ya ɗaga kai. A ƙofar ɗakin da ke fuskantarsa matar ƙanin Sagiru ce tsaye, ta dafa ƙugu, ciki ya kai wuya. Bayanta ga wata, nata bai kai wannan ba amma ya fito. Duk gidajen Yero ne.

"Malam Yero," in ji kaka, "wata mai kamawa in Allah ya sauke waccan lafiya, ka taho mana da bawan nan naka. Hannunsa da sanyi."

"Ina za shi?" in ji Yero. "Bawa ba ya tafiya sai an 'yanta shi."

Aka sake dariya. Gimba ma ya yi.

Suka fito tare, Gimba na ɗauke da zabira biyu da ƙunshin naman Yero, domin yanzu haka ya kamata a gani. Suka bi lungun da ke gefen kwata, inda mutum biyu ba sa jerawa, Yero a gaba. Sun kusa rumfa Yero ya tambaya, bai waiwayo ba, ko motar ta tashi. Gimba ya ce ta tashi. Yero ya ce akwai wata. Gimba ya ce akwai. Ya rage tafiya yana jira ya ji kalma ɗaya, na 'yanta ka, ko da cikin wasa ne. Ya ga ƙeyar Yero ta motsa kamar zai faɗa. Sai Yero ya ce bari ya je ya juya Delu, ta daɗe a gefe ɗaya, ya shige gida.

Akwati da katifa da tukwane suka isa Rafin Dinya ba mai su. Barira ta kira tana kuka tana faɗa, ta ce wane irin mutum ne kayansa ke dawowa gida shi yana can. Ya ce mata wani aiki ne ya riƙe shi, yana nan tafe. Matar ƙanin Sagiru ta haihu kafin Salla, ya je ya yi aski a bayan ubangidansa. Salla ta zo ta wuce. Da Barira ta sake kira ba ta yi faɗa ba, gaisuwa kawai suka yi, amma yana jin ƙarar injin niƙa a bayan muryarta. Bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ya sayi tabarma ya shimfiɗa a ɗakin da ya riga ya yi wa sallama. Mai ɗakin ma sai da Gimba ya roƙe shi, don har ya yi wa wani alkawari.

Yanzu a unguwa Bawan Yero ake kiransa, yara da manya, yana amsawa. Duk sunan da aka yi a gidajen Yero shi ke riƙe aska, Yero na kan kujera hannu a aljihu. Abu ɗaya ne bai canja ba. Bawa ma wanzami ne, ba ya aske kansa, ba ya zuwa wurin kilifa, kuma in ya hana Yero wannan kai guda ya hana shi komai. Saboda haka kowace Juma'a da hantsi, in ya gama aske ubangidansa, Gimba yakan cire hula ya ajiye a gwiwa, ya tanadi tokarsa a gefe, ya sunkuyar da kai ya rufe ido. Rawar hannun Yero kuwa kullum ƙaruwa take.

Na san akwai masu cewa tsoho ya cika ƙari, waɗanda suka yi boko suna jin sun fi kowa ido. To ba sai mun yi musu ba. Rumfar tana nan a jikin katangar masallaci, Juma'a kuma ba ta da nisa. Duk wanda ya ce ƙarya nake, ya zo da hantsi ya riga Gimba zama a tabarmar Yero, ya cire hularsa ya miƙa kai. Ina nan gefe a kan dutsena, ina so in ga namijin da zai bari a kai bayan kunne.